Ƙusar da Ke Bangon Apollos

Tun da aka kawo Keturah unguwar Vinikilang, awakin Goggo Rebeka suka shiga makaranta ba tare da sun nema ba.

Kullum da hantsi, da zarar Goggo ta saɓa fartanya ta gangara lambunta na bakin kogin Binuwai, sai Keturah ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta baje tsofaffin takardun tambayoyi, ta dubi jar akuyar da ke ɗaure a turke.

"To malama, wane maganin ciwon jiki ne ba a ba mai gyambon ciki?"

Akuya ta ci gaba da tuƙarta. Keturah ta ba kanta amsa, ta yi wa kanta maki. Wani lokaci abin ya ba ta dariya, dariyar kuma ta ƙare da share ido da bakin zane.

Jarrabawar da ke gabanta ba ta wasa ba ce. Shekara uku ta yi a makarantar koyon aikin lafiya tana karatun haɗa magani da ba da shi, amma duk wahalar nan ba ta zama komai ba sai ta ci jarrabawar ƙarshe ta hukuma, wadda ke ba mutum satifiket ya tsaya a ɗakin magani na asibiti a matsayin ma'aikaci. Saboda ita ne mahaifinta, Baba Absalom, tsohon ma'aikacin sakatariya kuma dattijo a majami'a, ya tsallako da ita gada ya ajiye ta a gidan ƙanwarsa. Ya ce gidansu na Luggere ya cika hayaniya. Da zai tafi ya miƙa hannu ta sa masa wayarta, ya jefa a aljihu.

Ita kam ta san hayaniyar da Baba ke nufi. Ƙarar wani Keke Napep ce guda ɗaya, wanda ke tsayawa a bakin layinsu da yamma.

Mai keken sunansa Othniel. Ya gama kwalejin horon malamai, takardarsa tana ƙasan akwati, ya zagaya da ita har ta fara yagewa a ninki bai samu aiki ba, sai ya karɓi keke. Shi ke ɗauko Keturah daga asibitin da take koyon aiki. A ƙarƙashin kujerarsa yake ajiye takardun tambayoyinta, in sun tsaya a cunkoson kasuwar Jimeta sai ya zaro ɗaya ya karanto mata, yana karya sunayen magunguna kamar mai tauna ƙashin kifi. In ta amsa daidai, sai ya yi shiru ya wuce ta gaba. In ta kuskure, sai ya danna hon sau ɗaya. Masu motoci sun sha zaginsa a kan hon ɗin nan, su ba su san darasi ake yi ba.

A haka soyayya ta shiga, ba wanda ya ga shigarta. Da magana ta kai kunnen Baba, hukuncinsa gajere ne.

"Keke ba aiki ba ne, jiran aiki ne. Ba zan ba mai jira 'yata ba."

Yanzu daga gindin mangwaron nan tana jiyo hon na kekuna a kan titin gada, kowanne sai ya taɓa mata zuciya. Ba mai tambayarta, ba mai gyara mata. Mahaifiyarta ta rasu tun tana sakandare, ƙawayenta suna can Jimeta suna karatu tare, Goggo kuwa ko sunanta ba ta iya karantawa da boko. Kaɗaici ya ishe ta, har takan ji kamar an manta da ita a duniya.

Wanda Baba ke so shi ne Apollos, mai babban kemis a hanyar Jambutu. Yana da mota, yana da kujera a sahun gaba ranar Lahadi, kuma duk wata shi ke kawo wa Baba maganin hawan jini har gida, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu.

Wata Asabar ya zo Vinikilang da izinin Baba, wai zai fita da ita ta sha iska. Ashe iskar a shagonsa take.

Ya zagaya da ita yana nuna mata kantoci da sabon firij, sannan ya tsaya a gaban bangon da ke fuskantar ƙofa, yana murmushi kamar wanda ya ɓoye kyauta.

"Ɗaga ido ki gani."

Firam ne irin na sa hoto, mai ruwan zinariya, a rataye, da gilashinsa, babu komai a ciki.

"Naki ne," in ji shi. "Ranar da satifiket ya fito, nan zai zauna. Duk wanda ya shigo shi zai fara gani."

Keturah ta matsa kusa. Firam ɗin sabo ne, amma ƙusar tsohuwa ce, ta yi tsatsa. A kewayensa kuma fentin bangon ya fi na sauran wurin haske, shatar wani firam da ya daɗe a wurin kafin a cire shi.

"Oga Apollos, wa ya riga ni ratayuwa a ƙusar nan?"

Ya yi dariya, bai ga abin ɓoyewa ba.

"Wata Lilian ce. Takardarta kawai take ba ni, ita tana aikinta a Jalingo, ni ina sallamarta. Da ta yi aure mijin ya ce a cire. Tun daga nan masu zuwa duba shaguna suka sa min ido, rabin kayan da ke kawo ciniki sun hana ni ajiyewa. Shi ne na zauna na yi tunani, na ce gidan kanka ya fi gidan haya."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta daure ta tambaya a hankali.

"In kuma na faɗi fa?"

"Allah ya kiyaye. Ke da kike ta ɗaya a ajinku?"

"In dai na faɗi."

Ya sosa ƙeya, ya gyara wani kwali da ba ya bukatar gyara.

"Sai a ɗaga maganar. Ina son ki, Keturah, kar ki ɗauka ba na so. Amma gaskiya shago ba ya jiran shekara. No vex, kar ki ji haushi."

Tun daga ranar wani tunani ya shiga ranta ya yi kaka-gida. Ta ga ƙofar fita, ƙofar kuwa ita ce ta faɗi jarrabawa.

Lahadin da ta biyo, Baba ya tsallako bayan an tashi sujada. Aka shimfiɗa masa tabarma, Goggo ta kawo kunun gyaɗa. Bai kai ga kurɓa ba tari ya sarƙe shi, busasshe mai ƙaiƙayin maƙogwaro, har idanunsa suka kawo ruwa. Ya zaro kwalbar maganin tari daga aljihu ya ɗaga ya sha.

Da ya lafa ya ce, "Na zo in gaya miki, don ki yi karatu da kwanciyar hankali. Mun gama magana da mutanen Apollos. Sakamako na fitowa za su kawo kaya."

Goggo ta ajiye ludayi. Hausarta irin ta gari ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Yaya, yarinya ya girma fa. Ka tambaye shi abin da yake so mana."

"Rebeka, ba da ke nake ba."

Keturah ta san ko ta yi magana ba za ta shiga ba. Kwalbar take kallo.

"Baba, tarin nan yaushe ya fara?"

"Tun damina."

"Ba lokacin da aka canza maka maganin hawan jini ba ne? Bari in ga kwalin."

Ya miƙo mata yana tsaki. Ta karanta sunan, lisinopril.

"Baba, maganin nan yana sa wa wasu mutane busasshen tari. Ko kwalba nawa ka sha ta maganin tari ba zai bari ba. Don Allah ka koma asibiti likita ya duba ka, in ya ga dama ya canza maka wani."

Baba ya karɓe kwalinsa.

"Apollos tun kina firamare yake sayar da magani. Ke ko takarda ba ki riƙe ba tukuna. Ki ci jarrabawa, sannan in saurare ki."

Ta raka shi bakin titi. Har keken da ya hau ya yi nisa tana hango kafaɗunsa suna girgiza da tari.

Ana gab da jarrabawa, wata la'asar ta ɗauki ruwan sha ta gangara lambu wajen Goggo. Zafin Yola ya ƙone komai, kogin ya janye ya bar yashi fari fat, sai lambunan bakin ruwa kaɗai ke da kore. A gindin wata giginya ta hango keke a tsaye. Ko cikin dubu ta san shi, saboda tsagewar da ke gilashin gaba.

Goggo ba ta ɗago daga kan alayyafonta ba.

"Ni ban ga kowa ba. Ajiye ruwan ka je, kar ka daɗe."

Othniel na zaune a kan wani kwale-kwale da aka kife. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ta ya miƙe, suka tsaya suna kallon juna.

"Ketu, kin rame."

"Kai ma."

"Na je gidanku har sau biyu, Baba bai bari na wuce ƙofa ba. Goggo na gani a kasuwa ta ce in zo nan. Yaya karatu?"

Maimakon amsa sai kuka ya ƙwace mata. Ta zauna a ɗaya gefen kwale-kwalen ta gaya masa komai, firam ɗin da ƙusar da maganar gidan haya, da ranar da Baba ya tsayar. Yana saurare yana murza makullin keke a tafin hannu.

"Amma na samo mafita," ta ce tana jan hanci. "Zan faɗi, Othniel. Zan shiga in cika takardar da shirme. Apollos da bakinsa ya ce shago ba ya jira. Zai nemi wata mai satifiket, Baba ya gaji ya ƙyale ni. Ba wanda zai sani sai ni da kai."

Ya daina murza makullin.

"Shekara uku, Ketu."

"Na sani."

"Ranar da zazzaɓi ya kama ki kika ce in kai ki asibiti a haka, don kar a yi darasi ba ke. Ranar da ruwa ya tare mu a Doubeli kika sa takardunki a cikin riga, ke kika jiƙe. Duk ki zuba a kogin nan?"

"To in yi yaya? In na ci na rasa ka. Ka gaya min in yi yaya." Muryarta ta karye. "Ka san yadda nake a gidan nan? Da akuya nake magana. In na amsa tambaya sai in tsaya ina jiran hon, kamar mahaukaciya. Ba na son satifiket ɗin da zai kai ni bangon wani. Kai nake so, ko da garin kwaki za mu riƙa kwana."

Hawaye ya taru a idonsa, ya juya yana kallon yashi.

"Ni ma ke nake so, Allah ya sani. Tun da aka kawo ki nan, in na ɗauko fasinjan Vinikilang sai in ƙi karɓar kuɗinsa don murna. Amma ki ji ni. Ni na san yadda mutum ke ji in karatunsa ya zama banza. Tawa takardar duniya ce ta ƙi ta, kullum in na buɗe akwati sai ta harare ni. Ke kuma da hannunki za ki kashe taki, a ce saboda ni?"

"Ni na zaɓa."

"Yau kin zaɓa. Wata rana za mu yi faɗa a kan gishirin miya, ƙawarki ta wuce da farar riga za ta asibiti, ki dube ni. Wannan kallon ba zan iya ɗaukarsa ba."

"Ba zan taɓa yi maka gori ba."

"Ba sai kin yi ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Ban san mafita ba, Ketu. Da na sani da na faɗa. Amma wannan ba ita ba ce. In kika faɗi da gangan, ko Baba ya kawo ki har ƙofar ɗakina ba zan aure ki ba."

Ta miƙe tsaye.

"Ashe kai ma satifiket ɗin kake so."

Maganar ta soke shi, ta gani a fuskarsa, amma bai rama ba. Sai ya gyara murya irin yadda yake yi a cunkoson kasuwa.

"Tambaya ta ƙarshe. Maganin insulin na masu ciwon suga, a ina ake ajiye shi?"

Ko yaron shago ya san a firij ne. Ta dube shi ido cikin ido, hawaye na zuba.

"A rana. A kan kwanon ɗaki."

Ya taka yashi ya hau zuwa gindin giginya, ya shiga kekensa ya tayar. Sai ta ji hon sau ɗaya, gajere. Ya juya ya hau titi.

Ta durƙushe a wurin ta yi kuka har Goggo ta zo ta ɗaga ta. Da can tana da mutum ɗaya a duniya da take ganin yana bayanta, yanzu shi ma ya tafi.

Ranar jarrabawa Apollos ne ya zo da mota, Baba a gaba, ita a baya. Ba ta ci komai ba. A bakin ƙofar makarantar Baba ya dafa kanta ya yi mata addu'a, tari ya katse masa ita a tsakiya, Apollos ya ƙarasa da amin mai ƙarfi.

Zauren ya cika, fankoki suna juya iska mai zafi. Aka raba takardu. Keturah ta karanta tambayar farko, ta san amsar tun kafin ta kai ƙarshen layi, ta sa fensir ta cike gurbin da ba shi ba. Ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Duk wanda ta cike sai ta ji hon a cikin kanta. Ta cije leɓe ta ci gaba har ta juya shafi.

A saman sabon shafin aka tambaya: a cikin magungunan hawan jinin nan, wanne ne aka sani da sa busasshen tari?

Sunan yana nan, na biyu a jeri, kamar yadda ta gan shi a kwalin Baba.

Fensir ɗin ya tsaya a sama. Ta tuna kafaɗunsa suna girgiza a bayan keke. Ta tuna abin da ya ce, ki ci jarrabawa sannan in saurare ki. In ta faɗi, Baba zai ci gaba da ɗaga kwalbar nan har Allah ya yi ikonsa, maganarta kuma ba za ta taɓa yin nauyi a gidan ba, ko a kan tari ko a kan aure. Yarinyar da ta faɗi ba ta cewa a'a, sai dai ta jira a ƙi ta.

Ta kai fensir kan amsar ƙarya, hannun ya ƙi. Sai ta cike ta gaskiya, ta danna har bakin fensir ya kusa karyewa.

Sannan ta koma shafin farko ta ɗauki abin gogewa. Tana gogewa hawaye na ɗiga, tana kare takardar da gefen hannu don kar ta jiƙe. Mai sa ido ta zo ta tsaya a kanta.

"Lafiya, 'yan mata?"

"Lafiya lau, Madam. Gyara nake yi."

Ita ce ta ƙarshe da ta miƙa takarda.

A waje rana ta take. Motar Apollos na inuwar dogon yaro, Baba na tsaye a jikinta da hularsa a hannu. Can tsallaken titi kuma, bayan mai sayar da rake, akwai keke mai tsagaggen gilashi. Mai shi yana zaune a ciki, hannunsa a kan kan keken, bai ko ɗago ba. Titin ba faɗi gare shi ba, duk abin da aka faɗa a nan zai ji.

"Yaya?" in ji Baba. "An dace?"

"Na amsa duk abin da na sani, Baba, kuma na san da yawa. In Allah ya yarda zan ci."

Apollos ya tafa hannu. "Na gaya maka, Baba. Firam ya samu mai shi."

Keturah ta durƙusa a gaban mahaifinta, a nan bakin titi, gwiwoyinta a kan ƙasa mai zafi. Ba ta yi ƙasa da muryarta ba.

"Baba, ka ce in na ci za ka saurare ni. Magana biyu ce da ni. Ta farko, gobe zan raka ka asibiti a duba tarin nan. Ta biyu, satifiket ɗin da sunana zai fito, kuma ba a bangon Oga Apollos za a rataye shi ba. Ni ma haka."

Murmushin Apollos ya bushe. Baba ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma kafin kalma ta fito tari ya riga ta. Ya dafa mota ya sunkuya, hannunsa ya tafi aljihu wajen kwalbar, ya zaro ta. Sai ya tsaya yana kallonta a tafin hannunsa, bai buɗe ba.

Keturah ba ta tashi ba. Ta dai kasa kunne zuwa tsallaken titi, tana jira.

Motoci suka wuce, mai rake ya ci gaba da fere rakensa. Hon bai yi ƙara ba.